Jifan Hajiyar Masar

A shekarun alif ɗari tara da sittin da 'yan kai ina zaune a unguwar Mansur a ƙasa mai tsarki, ba miji, ba takardar zama, sai wankau da nake yi wa mutane. Idan Hajji ya zo, wani mai saukar da alhazai yakan ɗauke ni in kula da tsofaffin mata. A haka aka haɗa ni da wata Hajiya 'yar Masar. Ɗanta ne ya kawo ta, wani mai gashin baki wanda bai iya magana ba sai umarni.

"Ki tsare ta a tanti," in ji shi da muka dawo Mina ranar Sallah. "Jifan Shaiɗan ke za ki yi mata. Hannunta rawa yake yi, idonta ya yi yana."

Na ce to. Ai an saba, mai rauni yakan wakilta wani.

Yana fita ta jawo ni, ta zaro hoto daga ƙasan jakarta. Wata yarinya ce cikin farin siket iya gwiwa, kai ba ɗankwali, ta ɗaga wani abu kamar rariya mai mariƙi. Na ce, "A'uzu billahi! Hajiya, a Mina? Wace ce wannan?"

Ta ce ita ce.

Larabcinta na Masar, nawa na kasuwa, haka muka yi ta fama. Wai wasa ne, sunansa tanis. A ɗaura raga a tsakiya, ki buga wa abokiyar karawarki ƙwallo, ita ma ta bugo miki. Na ce wa ke kamawa? Ta ce ba a kamawa. Na ce to in ba ta so, me ya sa kike ta tura mata? Ta yi dariya har da tari. Ta ce a filin Turawa ta fara, inda 'yan ƙasa ba sa shiga sai masu shara, ta kuma cinye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. An sa ta a jirgin ruwa zuwa ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. An ba ta kofunan azurfa. Na tambaye ta me ake sha da su, ta ce ba komai, ajiyewa ake yi. Wallahi kaina ya ɗaure. Gwiwarta ce ta lalace ta bari, ɗanta kuma ba ya son a tayar da zancen.

Sai ta ɗora hannuna a damtsenta na dama. Har a lokacin ya fi na hagu kauri.

"'Yata," ta ce, "wannan hannun bai taɓa aiken wani ya yi masa jifa ba. Kai ni."

Na ji tsoron ɗan, amma tausayinta ya fi ƙarfina. Na goya ta rabin hanya, rabi na ja ta, rana na dukanmu, mutane kamar za su murƙushe mu. Na kutsa da ita har muka hango ginshiƙin da ake jifa da ramin da ke kewaye da shi, na juya ta ta fuskance shi, na sa mata tsakuwa a hannu. Ta gyara tsayuwa, ƙafa ɗaya gaba, ta ɗaga hannu sama yadda ban taɓa ganin mace ta yi ba. Ta yi kabbara ta jefa.

Tsakuwar ta faɗi taku biyu a gabanmu.

"Ta shiga?" in ji ta.

Na ce, "Ta shiga, Hajiya."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta biyu ta sami wani alhaji a ƙeya. Ta uku ma ban ga inda ta yi ba. Sau bakwai tana tambaya, sau bakwai ina ƙarya, a Mina, ranar Sallah. Tana ta murmushi hawaye na zuba.

Da na mayar da ita tanti na koma da gudu, na jefa bakwai da sunanta. Zazzaɓi ya kwantar da ita, sauran kwanakin ta yarda na yi mata da izininta. Amma na farkon nan ba ta wakilta ni ba. Daga baya na tambayi wani malami a unguwarmu, ya ce wakilci ba izini ba ya yi, sai an yanka dabba. Wani kuma ya ce Allah ya ga niyya. Na rasa na wa zan ɗauka, kuma faɗa mata na nufin in ce mata hannun ya mutu.

Ranar da za su tafi Jidda, tana cikin mota ta riƙo rigar ɗanta. "Da hannuna na yi jifa, bakwai, ko ɗaya ban kuskure ba. Tambaye ta."

Ya juyo ya zuba mini ido. Wannan ce damata ta ƙarshe, na kuwa sani.

Na ce, "Duk sun shiga."

Motar ta tashi. Har yau ban san ko Hajjin matar nan ya cika ba, kuma ba ta sake zuwa ba.