Hular Chacha Gulzar

Shabnam ta tsufa tana aikin jinya a ɗakin masu taɓin hankali na wani asibiti a Multan ta ƙasar Pakistan, amma har yau gabanta na faɗuwa in za ta raba magani. Ranar da wani dattijo, Chacha Gulzar, wato Baffa Gulzar, ya fara karkarwa yana tangaɗi, sai ta ɗauko kwalbar maganinsa. Ta sake lissafa ƙwayoyinsa, daidai suke.

"Chacha, ka sha na safe kuwa?"

"Haba 'yata, da azumi a bakina? A hula nake ɓoyewa, in an sha ruwa na haɗa da na yamma."

Maganin da ba ya shiri da ƙishirwa, ga shi ninki biyu! Ta ruga kiran likita.

Tun daga ranar, da an ga watan azumi, hulunan majinyata take fara leƙawa.