Masu Jiran Kitso a Idon Kaka Bintu

Kaka Bintu Babarbariya ce, a Birni aka haife ta, cikin Damagaram. Shekara arba'in tana kitso a rumfar tsakar gidanta, kuma mata sun san ta da miƙaƙƙiyar tsaga.

Wajen 1955 tsagar ta fara karkace mata. Ta ja layi da tsinke, sai ta gan shi ya lanƙwashe. Bakin ƙofa ma ya lanƙwashe. Daga baya wani duhu kamar hayaƙi ya zauna tsakiyar ganinta. In ta dubi mutum sai ta ga kafaɗu da kallabi, fuska babu.

'Yarta Rakiya ta kai ta wurin likita. Likitan Bature ne, ya haska idon, tafinta ya ce, "Iya, tsakiyar idon ce ta tsufa. Ba magani, amma gefe ba zai mutu ba."

Ta koma gida tana kitso da lalube.

Wata hantsi ta ga mata cikin duhun nan. Ƙanana ne, ba su wuce tsawon hannu ba, sun jeru sun ba ta baya, kansu a tsefe. Ba sa magana. In ta ƙifta ido su ɓace, can kuma su dawo. Ta ƙeya ta gane su: duk ta taɓa yi musu kitso, kuma duk sun rasu.

"Inna, me kike kallo?" in ji Rakiya.

"Baƙina. Ba ruwansu da kowa, jira kawai suke."

Shekarar da aka sami 'yancin kai, ta ga sabuwar ƙeya a ƙarshen layi. Ta Wasila ce, maƙwabciyarta, wadda a lokacin take jin dakanta ta bayan katanga.

Ta gaya wa Rakiya su wa baƙin nan suke da wadda ta gani yanzu a cikinsu, ta aike ta ta kira Wasila.

"Zauna in yi miki kitso."

"Kaka, ai shekaranjiya aka yi mini."

"Zauna dai."

Ta tsefe ta sake kitsawa, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Wasila ta tashi tana dariya, ba ta san dalili ba.

Da damina Kaka Bintu ta rasu. Wasila kuwa ta tsufa har ta ga jikoki. Rakiya ba ta taɓa gaya mata abin da Kaka Bintu ta gani ba, amma duk ranar da ta ji gidan Wasila shiru, sai ta leƙa ta katanga.