Tarin Fuka Mai Kusurwa Huɗu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da aka ɗauki hoton ƙirjina ba. Zamanin Turawa ne, na samu aikin malamin dabbobi a kasuwar shanun Potiskum, amma da sharaɗi: sai an haska ƙirjina an tabbatar ba ni da tarin fuka.

Ni matsoraci ne, ba na ɓoyewa. An ce wani haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa tsoka ya zana ƙashi a jikin fim. Goggona da ta raine ni a Yerimaram ta ce, “Abin da ke shiga mutum ba sallama, ai ba abin arziki ba ne.” Ta ɗauko layar marigayi mijinta, maharbi, mai ƙunshe da faifan dalma, ta ɗinke mini a cikin singileti. Na tuɓe riga, na roƙa aka bar mini singiletin, wai ina jin sanyi.

Da fim ya fito, ma'aikacin asibitin ya nuna mini wani farin tabo a kan huhu, ya girgiza kai. “Malam, sai haƙuri. Aiki kam babu.” Nan take na fara tari, ni da rabona da tari tun ina yaro. Kwana uku ina kwance, har na yi wasiyyar kekena.

Ran na huɗu Baturen likita ya dawo daga rangadi, ya aiko a kira ni. Goggo ta biyo ni tana sharar hawaye. Ya ɗaga fim ɗin, ya ce ta bakin tafinta, “Tun da nake, ban taɓa ganin tarin fuka mai kusurwa huɗu ba. Me ka sa a jikinka?” Kunya ta rufe ni, na farke ɗinkin na miƙa masa layar.

Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce sunan hasken radiyeshin: tsoka ba ta tare shi, ƙashi na tare wani sashe, dalma kuwa kusan duka take tarewa. Kaɗan ba ya lahani, amma mai aiki da shi kullum dole ya kare kansa, shi ya sa yake ɗaura bante mai dalma. Ya nuna mana banten a rataye.

Goggo ta ɗaga shi ta ji nauyi, ta juyo gare ni. “To, ka gani? Shi ma da layarsa, har ta fi tamu girma!”

Aka sake hoton ba singileti, huhuna tas, na kama aiki. Daga ranar na koyi in riƙa tambaya kafin in ji tsoron abu. Goggo kuwa har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane cewa Bature da kansa ya shaidi maganinta, kuma ba wanda ya isa ya ce ƙarya take.