Ranar Da Murya Ta Tona Malam Aro

A layinmu babu mai kiransa da sunan yanka. Malam Aro ake ce masa, kuma yana amsawa, sai dai ba zai ɗago kai daga teburin guga ba. Shekara tara ke nan da ya gama kwalejin horar da malamai. Takardar shaidarsa tana cikin leda a ƙasan akwatin mahaifiyarsa, shi kuwa wanki da guga ke ciyar da shi, a wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa kusa da famfon unguwa.

Sunan ya samo asali ne daga wani aiki da yake yi sau biyu ko uku a shekara. Duk lokacin da kwamitin majalisa zai zo duba yadda ƙaramar hukuma ke kashe kuɗin ilimi, Sakataren Ilimi yakan aika a tattaro masu takarda babu aiki, a zuba su a azuzuwa su zama malaman yini guda. Bencina ma na aro ne. Mota ɗaya ke kwashe su daga makarantar da kwamiti ya gani da safe, ta bi hanyar baya, ta sauke su a wadda za a gani da rana. A bayan motar, a saman bencinan, Malam Aro ke zama, da riga biyu a leda, duk na masu kawo masa wanki. Ladansa alkawari ne: ranar da aka buɗe ɗaukar malamai, sunansa ne na farko.

Babu wanda ya tsani wannan aiki kamar yayarsa. Ita malama ce ta gaske, ita da hedimasta kaɗai ke riƙe da aji shida a makarantar bayan tasha, har muryarta ta dishe ta zauna a haka. Duk sanda suka haɗu a tsakar gidan mahaifiyarsu sai ta gaya masa cewa da hannunsa yake rufe wa kansa ƙofa. Kwamiti ya zo ya ga malami a kowane aji, ya koma ya rubuta cewa malamai sun isa, to wa zai ɗauki sabo? Shi kuma ya ce mai albashi ba ta san zafin dutsen guga ba. Ta ce kayan aro ba ya rufe katara. Tsohuwa ta gaji da rabon faɗa, in sun fara sai ta ƙara ƙarar rediyo.

Bana maganar rashin aikin yi ta yi zafi a majalisa, aka ce kwamiti zai zo da idonsa a buɗe. Sakatare ya kira Malam Aro ofis, ya jawo durowa, ya nuna masa takardar ɗaukar aiki da sunansa a buge, sa hannu kawai ya rage. Ya ce in baƙi suka tafi lafiya, ranar Litinin ya zo ya karɓa.

Da safe komai ya tafi daidai, har ya yi yawa. Cikin kwamitin akwai wata 'yar majalisa, tsohuwar malama, mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta tsaya a bayan ajinsa tana sauraro yana koyar da rabawa a lissafi. Yana da wata magana da yake maimaitawa tun yana ɗalibi: "A hankali, a hankali, kada a bar kowa a baya." Da za ta fita ta ce masa ta daɗe ba ta ga malami irinsa ba. A shekara tara, ba a taɓa gaya masa haka ba.

Dokar aikin a bayyane take. Wanda baƙi suka gani da safe, da rana zai canza riga da hula, ya shiga ajin ƙarshe, ya juya wa ƙofa baya, ya rufe bakinsa. Makarantar rana kuwa ta yayarsa ce. Da ta gan shi yana saukowa daga motar bencina ko gaisuwarsa ba ta amsa ba, ta nuna masa aji shida da haɓa. Yara sun fi saba'in, suna ta shafa bencinan da ba su saba gani ba. A allo akwai lissafin da yayarsa ta fara mako uku da suka wuce, ba ta sami sukunin dawowa ta ƙarasa ba. Wata yarinya ta tambaye shi ko yau za a gama musu. Ya ce ta yi shiru. Ya kalli allon, ya kalli alli a hannunsa. Ya ce a ransa layi ɗaya kawai zai yi, ƙasa-ƙasa.

Bai ankara ba muryarsa ta tashi, har daga aji biyu 'yar majalisar ta jiyo shi yana cewa, "A hankali, a hankali, kada a bar kowa a baya." Ta bar Sakatare yana bayanin fenti, ta bi muryar har bakin taga.

"Malam, juyo mu gaisa. Ko tagwaye ne ku?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"To da safe kana can, yanzu kana nan. Wacce ce makarantarka?"

Kafin ya buɗe baki, Sakatare ya riga shi, ya rantse bai taɓa ganin wannan fuskar ba, ya ce zaman banza ne ke sa samari shiga makarantu suna sojan gona, ya ce a kira ɗan sanda. 'Yar majalisar ba ta ko kalle shi ba. Ta sa aka kira malamar ajin, ta tambaye ta ko ta san mutumin.

Malam Aro ya ce, "Yaya," a hankali.

"Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya," in ji ta da disasshiyar muryarta. "Ya fi ni takarda. Guga yake yi. Rigar jikinsa ta wani ce, bencinan nan kuma kafin la'asar za a zo a kwashe. In kina da lokaci ki zauna ki gani."

'Yar majalisar ta zauna kuwa, a kan benci, jakarta a cinya, har direban motar ya leƙo ya koma da gudu.

Ranar Litinin Malam Aro ya je ofis duk da haka. Masinja ya tare shi a ƙofa ya ce Yallaɓai ya ce ya je yayarsa ta sa masa hannu. An ce kwamiti ya rubuta rahoto mai zafi, an karanta shi a zauren majalisa, an tafa. Wata biyar ke nan, ba a buɗe ɗaukar malamai ba, ba a kuma sake kiran 'yan aro ba, don haka sauran samarin ma sun daina gaishe shi.

Shi da yayarsa ba sa magana. Ranar Asabar ta aiko da kayan wanki kamar yadda ta saba, ya mayar mata da ƙullin yadda ya zo. Tsohuwa ta ce masa gaskiya 'yar'uwarsa ta faɗa. Ya ce ya sani, ya tofa ruwa a kan rigar da ke gabansa, ya ɗora dutsen guga.