Faifan da Inna Hajo Ta Wanke da Toka

Duk abin da zan manta a wannan sana'a, ban da ranar da Baba Ɗanjumma ya tsaya a bakin shagona. Ku da kuka shigo aikin bayanmu, gara ku ji labarin daga bakina. Lokacin ina gyaran rediyo da talabijin da na'urar DVD a kasuwar Yelwa. Na daɗe a kan benci, har kaina ya fara kumbura, ina ganin babu ciwon da ban sani ba.

Ranar kasuwa ce, shago ya cika, kowa yana son nasa yanzu-yanzu. Baba Ɗanjumma tsohon masunci ne daga wani ƙauye na bakin ruwa, can gefen Wara. Ya jira har na ɗago kai, sannan ya ce, "Mai gyara, an kawo muna wani faifai, mun sa, ya ƙi yi."

Na ce, "Kun zo da shi?"

"A'a, yana gida."

Ko ajiye abin da ke hannuna ban yi ba. Na ba shi amsar da muke ba kowa: "Datti ne, Baba. A shafa masa man goge baki, a goge da tsumma." Ya yi godiya ya tafi. Ban tambaye shi faifan mene ne ba, ban tambaye shi ko wani rubutu yana fitowa a talabijin ba.

Bayan mako guda ya dawo tare da matarsa, Inna Hajo. Sun shigo kwalekwale, suka hau mota, na'urar tana cikin buhu, faifan kuma an naɗe shi a ɗankwali. A nan ne na ji abin da ya kamata in tambaya tun farko. Ɗansu Haruna ya tafi Turai yana aiki a jirgin ruwan kamun kifi. Ciwo ya kama shi, ya rasu, aka binne shi a can. Kamfanin ya taɓa yin fim na ma'aikatansa, wani abokin Haruna da ya zo ganin gida ya kawo musu faifan. Ya ce Haruna yana ciki, har ya juyo ya faɗi sunansa da garinsu, ya gai da innarsa da Hausa.

Inna Hajo ta ce, "Shekara shida ban ji muryar ɗana ba sai ta waya. Ita nike son ji, in ga bakinsa yana motsi."

Ta warware ɗankwalin. Innalillahi! Sai ga bayan faifan ya yi fari fat, duk zane-zane. Sun sa man goge bakin kamar yadda na ce, bai yi ba. Ita kuma ta ga tunda mai gyara ya ce datti ne, to dattin ne ya kama sosai. Sai ta ɗebo toka da soso ta dirje shi yadda take dirje tukunya, sau uku.

Na tayar da janareta, na haɗa na'urar, na sa faifan. Nan take rubutun Turanci ya fito, cewa wannan faifai ba na yankin na'urar ba ne. Baba Ɗanjumma ya nuna da yatsa ya ce, "Yauwa, wanga rubutun shi muke gani kullum."

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su tarar da zamanin ba. Masu yin fina-finai sun raba duniya yanki-yanki, kowane da lambarsa. Amurka ɗaya, Turai biyu, mu nan biyar. Na'urar da aka kulle a kan lamba ɗaya ba ta karɓar faifan lamba biyu, ko da sabo ne fil. Ƙananan na'urori masu araha da suka cika kasuwa ba ruwansu, komai aka ba su suna ci. Amma tasu Baba babba ce, ta gwanjo daga Amurka, Haruna ne ya sa aka saya musu mai kyau. Faifan lafiyarsa ƙalau ya iso ƙauyen.

Buɗe irin wannan kulle ba wani aiki ba ne. Ina da littafin da nake rubuta lambobin kowace irin na'ura. Na buɗe bakin na'urarsu, na bar shi a buɗe, na danna lambobin a rimot. Lamba ɗaya ta fito a kusurwar talabijin, na mayar da ita sifili, wato ta karɓi na ko'ina. Ko minti ɗaya ban yi ba.

Faifan ya tashi. Ga teku, ga jirgi, ga Turawa suna bayani. Yana tafiya yana sarƙewa, hoton yana farfashewa. Can sai ga wani dogon saurayi ya ba da baya yana jan koma, wato ragar kamun kifi. Tun bai juyo ba Inna Hajo ta miƙe tsaye ta ce, "Shi ne! Haka yake jan koma tun yana ƙarami." Ya saki ragar, ya juyo, ya yi murmushi, ya buɗe baki. A nan hoton ya tsaya cak.

Na sallami sauran mutane, na rufe ƙofa ɗaya. Na goge faifan da man gyaran faifai da muke da shi, na gwada a na'ura uku, na kai wa mai kwamfuta a layinmu ya yi ƙoƙarin kwafe shi. Duk a wuri ɗaya yake tsayawa. Lambar wayar abokin Haruna kuma ba ta shiga, ya riga ya koma Turai.

Da la'asar Inna Hajo ta dube ni ta ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya. Da ban wanke shi ba, da na ji shi?"

Na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce, "Da kin ji shi, Inna. Amma ba laifinki ba ne. Ni na ce datti ne, alhali ban gan shi ba. Ku yafe mini."

Baba Ɗanjumma ya ce, "Allah ya yafe muna baki ɗaya." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ita kuwa ta ce in mayar da faifan wurin da ya tsaya, in bar shi haka. Ta jawo benci ta zauna dab da talabijin, tana kallon ɗanta da bakinsa a buɗe. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Can na ji ta ce a hankali, "Lahiya lau, Haruna. Muna lahiya. Babanka ma ga shi nan."

Na fita waje na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Yanzu DVD ta wuce, waya kuke gyarawa, kuma a cikinta ma mutane suke ajiye matattunsu. Wanda ya zo muku daga ƙauye ba zai yi musu da ku ba, abin da kuka faɗa shi zai je ya yi, har ya ƙara. Don haka in bai zo da kayan ba, ku ce ya je ya kawo. In ya kawo, kafin ku taɓa, ku tambaye shi me ke ciki.