Kwana Hamsin da Biyu na Alhaji Ɗanasabe Ƙarfi a Gidan Waƙafi

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 17 ga Fabrairu, 1965, bayan la'asar kaɗan, Allah ya karɓi ran Alhaji Ɗanasabe Ƙarfi a ɗakin da aka tsare shi yana jiran shari'a. Ni Jibo, malamin asibitin da ke duba 'yan waƙafi, ni na shafe masa ido.

Alhaji, yau kwana bakwai ke nan, ban iya zama a zauren makokinka ba sai in gaisa in tashi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na san ka tun shekarar sanƙarau, ina sabon zuwa ɗakin shan magani. Marasa lafiya suka yi mana yawa har muna kwantar da su gindin bishiya. Ka zo ka tsaya ka duba. Washegari ka sa aka kwashe audugar da ke rumfarka aka jibge a fili, aka share, aka shimfiɗa tabarmi. Mutum talatin da ɗaya muka yi jinya a wurin. Haka ranar da naƙuda ta gardama wa Marka, wata Bamaguza daga bayan Tsiga, motarka na cike da kaya za ta Funtuwa, ka sa aka sauke rabin buhunan a bakin hanya aka kai ta asibitin Malumfashi. Ta rayu, 'yarta ma ta rayu. Jiya na gan ta cikin mata a ƙofar gidanka, da ƙwaryar gero a ka.

Ana saura kwana uku zaɓe aka yi faɗa a wata kasuwar ƙauye, mutum ɗaya ya mutu. Aka ce kai ka zuga, don kai ne babba a jam'iyyarku a wannan yanki, aka kama ka a ranar. Ban je wurin ba, ban san gaskiyar abin ba, yanzu kuma babu alƙalin da zai saurara.

Saboda girmanka aka ba ka ɗaki kai kaɗai, aka hana kowa ganinka. Raufu makaniken motarka shi ke kawo abinci daga gida kullum, ya miƙa wa gandiroba a bakin ƙofa ya juya. Ni kuwa Litinin da Alhamis nake shigowa. Na san kana da ciwon sukari, don haka nakan dafa fitsarinka da shuɗin ruwan gwaji in ga launin da zai ba ni, in ba ka ƙwayoyi. A farko kana tambayata labarin gari, da ranar da za a kai ka gaban alƙali. Sau biyu aka sa rana aka ɗaga. Daga nan ka daina tambaya.

Azumi ne ya rufe mini ido. Ina ganin kana ramewa ina cewa ai watan azumi ne. Sai bayan Salla wani gandiroba ya gaya mini cewa kwanon da Raufu ke kawowa su ke cinyewa, domin kai ba ka taɓawa. A makon ne ka ba mai sharar ɗakinka agogonka, ka aika wa ƙanenka Sabo da babbar rigarka ta Salla. Ranar Alhamis ka tambaye ni, kana kallon akwatin maganina, ko ƙwayar barci nawa ce ke yi wa mutum yawa.

Na rufe akwatin, na zauna kusa da kai a tabarma. Ban taɓa yi wa babban mutum irin wannan tambaya ba, amma na yi. Na ce, "Alhaji, ka gafarce ni. Kana tunanin raba kanka da ranka ne?"

Ka ce, "Malam Jibo, na san hukuncin abin. Ni dai na gaji ne."

A ranar na rubuta wa likita takarda. Likita ɗaya ne ga ƙasar nan duka, yana rangadi, aka ce sai ƙarshen wata. Na je wurin Yari, shugaban gidan waƙafin, na roƙe shi abu uku: a kai ka asibiti, ko a haɗa ka da wasu mutane a ɗaki, ko a bar Hajiya Baturiya matarka ta gan ka ko da daga bakin ƙofa. Ya saurare ni da kyau, ba mugu ba ne. Ya ce fitar da kai sai da izini daga sama, ziyara ma haka, kuma ba zai haɗa Alhaji da ɓarayin awaki ba. Abin da ke hannunsa shi ya yi. Ya sa aka karɓe rawaninka, da carbinka, da mazagin wandonka, don kada ka yi wa kanka lahani da su.

Da na shigo washegari ka miƙe ka gaishe ni, hannu ɗaya riƙe da wando. Ba ka dube ni ba. Maganata ce ta jawo maka wannan, Alhaji, ban kuwa san yadda zan gyara ba. Na sake rubuta takarda biyu. Na koma zuwa kullum, ina dama kunu a gida ina kawowa. Ba ni da ruwan da ake ƙara wa mutum ta jijiya, ba ni da ikon buɗe ƙofa. Cokali kawai gare ni.

Likita ya iso ranar Juma'a, kwana biyu da binne ka.

Tun ranar da ka rasu mutane ke tare ni a hanya suna tambaya cikin raɗa. Liman ma ya ja ni gefe kafin a yi maka salla, ya ce in gaya masa tsakanina da Allah ko da hannunka ka yi. Na gaya masa abin da na gani, shi nake maimaitawa a nan don 'ya'yanka su riƙe. Babu igiya, babu ƙwaya. Ciwo ne da yunwa da kaɗaici, ban iya raba wanne ya fi ƙarfi ba. Amma da safiyar Laraba na miƙa maka cokali, ka yi bisimilla, ka sha uku. Ka ce in dawo da rana da wanda ya fi ruwa-ruwa. Na dawo da shi, na tarar ba ka iya haɗiya. Liman ya ji, ya gyaɗa kai, ya shiga gaba muka yi sahu.

Ya Allah, Kai ka san abin da ke cikin zuciyar bawanka Ɗanasabe, mu ba mu sani ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa wahalar kwanakin nan ta zame masa kaffara. Ka yafe mini inda na gaza. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Baturiya, da Malam Sabo, da 'ya'yansa Abdussamad da Ladidi, da Raufu, da jama'ar Ƙarfi baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mu cika da imani. Amin.