Kujerun da Barau Ya Jera

A Guci duk wanda rediyonsa ta yi shiru, wurin Barau yake kai ta. Da damina yana noman hatsi da gyaɗa kamar kowa, ran kasuwa kuwa sai ya baje tabarma gindin bishiyar bedi ya hau kwance rediyoyin mutane. Sana'ar ba ta tsinana masa komai ba, sai dai ta ba shi abin da ya fi so: a tambaye shi. Shekara da shekaru yana sauraren muhawarar Majalisar Dokoki ta Yamai, har ya san tarin kowane depite, wato ɗan majalisa. In an zauna shan shayi a fada, wato dandalin hira, shi ke fassara wa jama'a abin da aka zartar.

Barau bai taɓa wuce Damagaram ba, amma wannan bai hana shi siffanta zauren ba. Ya ce kujerun a jere suke sahu-sahu kamar masallacin Juma'a, 'yan adawa kuma can baya ake ajiye su, kusa da ƙofa. Ya faɗa ya maimaita har shi ma ya yarda.

Sai ga ƙanensa Usaini, mutumin da in an taɓo siyasa hamma yake yi, yanar ido ta rufe masa gani. 'Yarsa Nazifa da ke aure a Yamai ta aiko aka kai shi asibiti. Da ido ya buɗe, mijinta, wanda yake direba ne a Majalisar, ya nemo izini ya zaga da shi ginin ranar da babu zama. Usaini ya shiga, ya zauna kan kujerar depite, har aka ɗauke shi hoto.

Ranar da labari ya iso, Barau bai iya cin tuwo ba. Hassada ce ƙarara, kuma ya san ita ce. Ya ce wa matarsa Hinda a duniya ba a taɓa asarar sabon ido irin wannan ba. Ita kuwa ta ce ya ci abincinsa ya bar mata mita.

Da Usaini ya dawo, fada ta cika fiye da kullum, kuma ba gefen Barau aka sa fuska ba. Ya zauna yana murɗa wata tsohuwar rediyo da ba abin da ya same ta. Usaini dai bai iya labari ba. Ya yaba sanyin wurin, ya ce ƙasan sumul har ya tuɓe takalmi aka yi masa dariya. Can sai wani dattijo, Ɗantsoho, ya tambaye shi ko kujerun haka suke yadda Barau ya saba faɗi.

Usaini ya dubi Barau da wannan sabon idon.

"Yadda Yaya ya faɗa, haka yake," in ji shi. "Ni zama kawai na yi, shi ya san wurin."

Aka juyo wajen Barau ana gyaɗa kai, shi kuma ya gyara murya ya ci gaba da bayani kamar da.

Bayan kwana biyu Usaini ya kawo masa salularsa da hantsi, wai ba ta jin caji. Barau ya goge bakin, ta kama. Ya daɗe yana riƙe da ita kafin ya buɗe hotuna. Ga ƙanensa nan ya ƙame cikin babbar riga, kujeru kuwa sun lanƙwaso sun kewaye shi kamar ɓarin ƙwarya. Babu sahu, babu wata ƙofa a inda shi ya sa ta.

"Ka gani ke nan, ka yi shiru," in ji Barau.

"To Yaya, me zan ƙaru da shi?"

Barau ya miƙa masa salular ba tare da ya ɗago kai ba. Zuwa Yamai dai ko shi in ya sayar da gyaɗa zai iya. Amma wannan shirun da Usaini ya yi, ya san da shi ne ya gani da ba zai iya ba, kuma shi ya fi ci masa rai.

Har yanzu Barau ake tambaya a fada. Sai dai in an zo maganar kujeru, yakan ce shayin ya huce, a mayar da shi kan wuta.